Ginin Gaskiya na Zariya: kayan tarihi ne ko tsohuwar maɗaba'a ce kawai?

Maman Sadiq ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gare ni kuma da gaske nake, don abin ya tsaya min a rai tun makon jiya. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare nan Zariya, ranar Laraba muna darasin tarihin rubutun boko da 'yan aji biyar sai nace musu wa zai gaya min dalilin da ya sa ake ce wa unguwar Gaskiya Gaskiya? Yaran nan sun haura hamsin a ajin, wasu ma a unguwar aka yanke musu cibiya, kullum suna ce wa mai keke "Gaskiya za ka kai ni", amma wallahi ko ɗaya babu wanda ya sani. Wata yarinya ce ta daure ta ɗaga hannu tace ko don mutanen wajen ba sa ƙarya ne Malama. 'Yan aji suka kwashe da dariya, ni kam jikina ne ya yi sanyi.

Sai na ɗauko wani tsohon littafin karatu da na gada a wajen mahaifina, duk ya yi ja bangon ya rabe, na buɗe musu shafin farko na nuna musu inda aka rubuta cewa kamfanin Gaskiya na Zariya ne ya buga shi. Nace to ga inda sunan ya fito, ginin nan da kuke wucewa a Tukur-Tukur, a nan aka yi shekara da shekaru ana buga jarida da littattafan da iyayenku da kakanninku suka koyi karatu da su. Kowa ya yi tsit.

Da na koma gida na kawo wa Baban Sadiq zancen, nace ni a ganina ginin nan ya kamata a ce yana cikin kayan tarihin ƙasa kamar Gidan Makama na Kano ko hasumiyar Gobarau ta Katsina, a riƙa kai yara suna gani. Shi kuma yace a'a, waɗancan gine-ginen gargajiya ne na kakanninmu, wannan kuwa ma'aikata ce Turawa suka gina don aikinsu, ko shekara ɗari ba ta yi ba, idan darajar littattafan nake ji to littattafan za a adana ba bango da rufi ba. Muka yi ta ja har aka kira isha'i ba wanda ya sauko.

To shi ne na kawo muku. Ginin maɗaba'a irin wannan yana da wata daraja ta tarihi a karan kansa ko kuwa abin da aka buga a ciki ne kaɗai abin adanawa? In kuma yana da ita, ta ina ake farawa, wa ake kai wa magana? Masu sani a taimaka mana dan Allah, musamman manyanmu da suka ga zamanin.

Dattijon Tudun Wada ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika tayar da wannan magana, jikana ne ke taya ni bugawa a waya don idon ya fara gajiya.

Ki gaida maigidanki ki ce masa ba na ƙaryata shi cewa Turawa ne suka kafa wajen, haka ne. Amma bari in ɗan jawo miki zaren daga tushe ki ga ko namu ne ko nasu. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara, aikinta juya littattafan makaranta zuwa Hausa, daga baya ta zauna a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East ta zama Hukumar Talifi. A 1933 aka sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, daga nan aka sami su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Ki duba su wa suka rubuta. Abubakar Imam, da yayansa Malam Bello Kagara, da Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya zo ya zama firayim ministan ƙasar nan. A watan Janairu 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Abubakar Imam ne edita, kwabo ɗaya ake sayar da ita. Da aiki ya yi yawa ya fi ƙarfin ɗan ofis, sai a 1945 gwamnati ta kafa kamfanin Gaskiya aka ba shi mazauni a Tukur-Tukur, wato jaridar ce ta ba kamfanin suna, kamfanin ya ba unguwar.

Ni abin da na gani da idona shi ne ranar da jarida ta iso. Muna yara a zauren kakanmu, bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi, ƙanin babanmu da ya yi elemantare shi ne mai karantawa, dattawa su kewaye shi, mai goro na ɓantara yana miƙawa, idan ya karanta wani wuri ya wuce sai ka ji an ce "kai maimaita nan wajen". Kwafi ɗaya sai ya zaga gida goma, in ya gama zagayen ma ba a yar da shi, a linke a sa cikin akwati ƙarƙashin riguna. Mutanen da ba su taɓa taka ƙofar makarantar boko ba da ita suka san ana maganar tsarin mulki, ana maganar zaɓe, ana maganar 'yancin kai. Shafin wasiƙu kuwa nan ne matasan malamai na wancan lokacin ke amayar da abin da ke ransu kan En'e da sarakuna da haraji, a zamanin da talaka ba ya iya ɗaga kai ya kalli hakimi.

Kuma ba Hausa kaɗai ba. A 1948 nan aka fara jaridar Turanci ta Nigerian Citizen, ita ce ta rikiɗe ta zama New Nigerian a Kaduna ranar 1 ga Janairu 1966, sati biyu kacal kafin a kashe Sardauna. Lokacin shirin Yaƙi da Jahilci hukumar NORLA, wato hukumar samar da littattafai ta Jihar Arewa, ta yi ta fitar da 'yan ƙananan littattafai masu arha da jaridun larduna har zuwa 1959 da aka rufe ta, Sakkwato na da Zaruma, Katsina na da Himma, Kano na da Sodangi, mu nan Bazazzaga, Barno na da Albishir, har Tibi suna da tasu a harshensu. A 1966 kuma aka kafa NNPC da haɗin gwiwar Macmillan, ba ta mai ba fa, ta littattafai, yaran yanzu in ka ce NNPC sai hankalinsu ya tafi gidan mai. Adireshinta a ginin Gaskiya yake, ki duba bayan tsoffin littattafan za ki gani.

Wani abu kuma da zai taimake ki a aji. Kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke da reshe nan Gaskiya sunan Nuhu Bamalli take ɗauke da shi ko? To shi Magajin Garin Zazzau Nuhu Bamalli a wannan gidan ɗab'i na Gaskiya ya yi aikin fassara da gyaran rubutu kafin ya shiga siyasa har ya kai ministan harkokin waje. Ɗaliban na zirga-zirga da sunansa a katin shaidarsu, inda ya yi aiki na nan kusa da su, ba wanda ya haɗa musu biyun.

To in wajen da aka yi duk wannan ba kayan tarihi ba ne, ni dai a gaya min mene ne. Tsohuwar Kwalejin Katsina ma ai Turawa suka kafa ta, kuma ga ta nan an ayyana ta kayan tarihin ƙasa an mai da ita gidan tarihi, ba wanda yace ba tamu ba ce.

Abba Mai Firintin ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wallahi na ƙaru. Anti Maman Sadiq ni ba ɗan boko ba ne sosai amma wannan sana'ata ce, shekarata ashirin da wani abu ina harkar firintin a Kano, bari in faɗi abin da na sani ta ɓangaren aiki, saboda mutane in an ce maɗaba'a abin da ke zuwa musu a rai shi ne shagon fotokwafi na bakin makaranta.

Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya ji ƙansa, tsohon mai jera baƙaƙe ne tun zamanin dalma. Akwai wani akwatin katako mai faɗi da ya ajiye, an rarraba cikinsa gida-gida, kowane harafi da gidansa, 'yan ƙananan sandunan dalma kamar ƙwayar ashana, harafin na bisa kai kuma a juye yake. Da ɗaiɗai ake tsinto su a jera cikin wani ɗan ƙarfe da ake riƙewa a hannun hagu, layi bayan layi, a juye kake karantawa, in shafi ya cika a ɗaure shi tam cikin firam, a shafa tawada a buga gwaji, mai duba kuskure ya bi da jan biro, a dawo a zare harafin da ya ɓata da ɗan hantsaki a sa wani. In an gama bugu kuma sai a wanke su da kananzir a mayar da kowane harafi gidansa. Ga kuma injin laino, wanda ke da tukunyar narkakkiyar dalma a jikinsa, kana danna madannai yana zubo maka layi guda sukutum da zafinsa. Tsohon nan har ya rasu yatsunsa baƙi ne, tawada ta shige fata, kuma ba ya duba akwatin in zai ɗauki harafi, hannun ne ya haddace.

Abin da ya fi taɓa ni a akwatin shi ne gidajen ɓ da ɗ da ƙ. Ki tuna fa waɗannan haruffan babu su a Turanci, ba wai za ka je kanti ka sayo ba ne, sai an yi odar su musamman an zuba su a dalma saboda Hausa kawai. Kafin nan ɗigo ake sawa ƙarƙashin harafi ko wani ɗan waƙafi a gaba, a shekarun 1930 aka koma masu lanƙwasa, kuma littattafai da jaridar Zariya su suka bi da su lungu-lungu har ido ya saba. Yanzu muna dannawa a waya cikin sauƙi, wasu ma ƙyuya ke hana su, amma akwai lokacin da ƙ abu ne mai nauyi da za ka ɗora a tafin hannunka.

Shi ya sa nake ce wa Baban Sadiq cikin girmamawa, littafi ba zai nuna wa yaro wannan ba. Littafi ƙarshen aikin ne. Sai yaro ya shiga ɗakin ya ga girman injin, ya ga dalilin da ya sa aka yi tagogi manya don mai jera baƙaƙe na buƙatar haske, ya ga daɓen da aka zuba da kauri don ya ɗauki nauyin ƙarfe, ya ga daga ina takarda ke shigowa ta ina take bi zuwa wajen yanka da ɗinki da manne bango, sannan zai gane mutum nawa ne ke bayan shafi ɗaya.

Kuma ina da ciwo kan wannan magana. Akwai wata maɗaba'ar gwamnati a wata jiha, ba zan kama suna ba, aka kira mu duba wani inji da za a yi gwanjonsa. Muna shiga na tarar da 'yan gwangwan sun riga mu, da guduma da abin yankan ƙarfe, ana farfasa tsoffin injina ana ɗorawa a sikeli. Akwatunan baƙaƙe kuwa juye su aka yi cikin buhu ana auna dalmar da kilo, katakon mai shayin bakin ƙofa ya kwashe ya yi makamashi. A wani ɗaki ga tsoffin gazet da takardun majalisa jibge a ƙasa, rufi na yoyo a kansu gara ta gama da na ƙasan. Na tsugunna na tsinci 'yan haruffa cikin ƙura na zuba a aljihu, suna nan cikin gwangwanin madara a shagona har yau. Wallahi a mota na kasa magana har muka iso gida. Ba mugunta ce ta sa su ba, a takarda an rubuta kayan sun lalace ne shi kenan, ba wanda ya taɓa ce musu wannan tarihi ne. To abin da nake tsoro kenan ga duk wata tsohuwar maɗaba'a da ta rage a Arewa.

Almajirin Ajami ya rubuta:

Ni dai a yi min haƙuri zan ɗan saɓa. Baba na Tudun Wada ina ganin girmanka, amma akwai gefen da ba a faɗa ba. Jaridar nan ta fara fita ne a shekarar da aka fara yaƙin duniya na biyu, kuma Turawa ba don son Hausa suka zuba kuɗinsu ba, so suke su riƙe tunanin mutane, su toshe jita-jita, su kuma rage tasirin jaridun Legas irin na su Azikiwe. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, mu fa muna da rubutu kafin boko. Su Nana Asma'u da ajami suka yi waƙoƙinsu, sarakuna da alƙalai da fatake da shi da Larabci suke wasiƙa. Aka zo aka ɗora boko a kai da ƙarfin gwamnati da ƙarfin inji, har aka wayi gari malamin da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka ana lissafa shi cikin jahilai, sunan shirin ma Yaƙi da Jahilci. To ginin da aka yi wannan aikin a ciki shi za mu mayar abin alfahari?

Kuma ko an bar wannan, kuɗin fa? Masallacin Juma'a na cikin birnin Zazzau da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen shekarun 1830, a watan Agusta 2023 wani sashensa ya rufta kan masallata aka rasa rayuka, Allah ya ji ƙansu. Ganuwar Zazzau da ta Kano kullum cinye su ake yi. Rubuce-rubucen hannu na malamanmu na nan a gafaka cikin zaurukan gidaje gara na ci. In akwai naira ɗaya ta adana tarihi ni can zan kai ta tukuna. Jaridun a yi musu sikanin a ɗora a intanet kowa ya karanta daga ɗakinsa, wannan ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Dattijon Tudun Wada ya rubuta:

Ɗana maganarka akwai gaskiya a ciki, ba zan ƙi ba, ni kaina da allo na fara kuma har gobe da ajami nake rubuta lissafin gonata. An zalunci ajami kam. Amma ai abin tarihi ba lallai sai wanda ya yi maka daɗi ba. Gadar Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a Kaduna an adana ta, ba don ana son Lugga ba. Wannan ƙorafin naka ma ina ya fi dacewa a yi wa yara bayaninsa in ba cikin ginin ba? A ware ɗaki guda, ga allo da tawadar zuge da alƙalamin gamba a nan, ga baƙaƙen dalma a can, a ce musu ga yadda aka yi wannan ya danne wancan, su yi hukunci da kansu.

Batun niyyar Turawa kuwa, eh sun yi tasu niyyar, amma waɗanda suka zauna kan teburin namu ne kuma ba 'yan amshin shata ba ne. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da shi Azikiwen da ka ambata, har ya gana da Lugga ya zayyana masa matsalolin mulkin En'e. Wuƙar da aka ba su don yankan wani abu daban, da ita suka yi wa mutanensu fawa.

Injiniya Bello ya rubuta:

Salam. Ni ɓangaren gini nake, bari in amsa tambaya ta biyu ta Malama wato ta ina ake farawa.

Hukumar da ke da alhakin wannan ita ce Hukumar Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, NCMM, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa. Ita ke duba wuri ta ba da shawara a ayyana shi, in an ayyana kuma laifi ne a rushe ko a sauya masa kama ba da izininta ba. Suna da ofis da gidan tarihi a Kaduna. Kuma ba a auna wa da tsufa kaɗai, ana duba abin da ya faru a wajen da mutanen da suka ratsa shi da kuma ko yana nuna wani salon gini na zamaninsa. Saboda haka hujjar cewa bai kai shekara ɗari ba ba ta hana komai. Gidan Sardauna na Kaduna ai ba tsohon gini ba ne can-can, amma tun 1970 aka mai da shi cibiyar tarihi, shi ne Arewa House ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Gidan Ɗan Hausa na Kano ma Bature ne ya zauna a ciki, Hanns Vischer, nan aka fara makarantar boko a Kano, yau gidan tarihi ne na jiha.

Sai dai kar mu yaudari kanmu cewa takardar ayyanawa ita ce magani. A Legas akwai wani gida Ilojo Bar mai salon ginin Barazil, tun 1956 yake cikin jerin kayan tarihin ƙasa, amma a watan Satumba 2016 aka wayi gari an sa katafila an baje shi. Abin da ke kare gini biyu ne a sanina, mutanen gari su san darajarsa ta yadda taɓa shi zai zama abin kunya, sannan ginin ya kasance ana amfani da shi. Ginin da aka kulle shi ke saurin mutuwa, kwano ɗaya ya ɗaga ba wanda ya gani, damina biyu katakon rufi ya ruɓe, ruwa ya bi bango, jemagu da gara su tare, nan da shekara biyar sai a kawo irinmu mu rubuta cewa ba ya gyaruwa, daga nan sai filaza. Alhali da an lura kwanon nan kuɗin buhun siminti biyu ne.

Don haka ni ba na goyon bayan a mai da irin wannan wuri gidan kallo zalla a sa maigadi da rijistar baƙi. A bar harkar ɗab'i da sayar da littattafai su ci gaba a inda suke, a ware sashe na tarihi, ɗakin karatu da kwafin tsoffin jaridu, wajen taron marubuta, wajen da ɗaliban koyon aikin jarida da na sashen Hausa za su riƙa zuwa. Zariya fa garin makarantu ne, ga jami'a ga kwalejin ilimi ga foli, masu zuwa ba za su yanke ba.

Malam Almajirin Ajami, sikanin da kake magana dole ne kuma ba ya karo da wannan. Amma shi ma ai sai an sami inda asalin takardun za su zauna a bushe ba zafi ba laima, fayil na ɓacewa, shafin intanet na mutuwa ran da aka daina biyan kuɗinsa.

Abu na farko da ba ya cin kuɗi shi ne a rubuta abin da ke akwai. Da izinin masu wajen a ɗauki hoton kowane ɓangare, a auna a zana taswirar ginin, a lissafa duk wani tsohon inji da lambarsa da shekararsa. Wannan aikin ɗalibai huɗu na sashen zanen gine-gine na jami'a da ke Samaru za su iya yin sa a matsayin furojet. Da wannan fayil ɗin ake tunkarar hukuma da masarauta, ba da baki kawai ba.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Ina gaida kowa daga Nijar. Ku yi mini izini in sa baki don abin nan ba na Zazzagawa ba ne su kaɗai. Mu nan lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci aka yi muna ita, ba mu da wani gidan ɗab'i na Hausa mai girman wannan a zamanin Nasara. Littattafan Hausa da na buɗe ido na gani a gidanmu duk daga Najeriya 'yan kasuwa ke kawo su ta Jibiya, tare da atamfa da goro, a baza su a tabarma ranar kasuwa. Babana da rediyo da waɗannan littattafan ya koyi karatun boko na Hausa shi kaɗai, kuma sunan Zariya a jikinsu na fara ganinsa tun ban san ina garin yake ba. Sanda na je Zariya karatu wuri na farko da na ce a kai ni shi ne Gaskiya, abokina ɗan garin har mamaki ya yi yace me zan gani a can. Na tsaya bakin titi na daɗe ina kallo. In za a rubuta takardar neman a adana wajen a sa hannun mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa a ciki, muna da haƙƙi.

Maman Sadiq ta rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na karanta wa Baban Sadiq amsarka daga farko har ƙarshe, da aka zo wajen Kwalejin Katsina sai ya yi shiru, yanzu dai yace shi zai kai mu a motarsa in an sa rana. Malam Almajirin Ajami maganarka ma ta shige ni, kuma na ɗauki shawarar Baba, darasin da zan sake yi da ajami zan fara, akwai wata waƙa ta wa'azi da kakata ta bari da rubutun hannu zan kai musu su gani tukuna kafin mu zo kan boko.

Na yi magana da shugabar makarantarmu ta amince in rubuta wa masu kula da wajen takardar neman izinin ziyara, yara ashirin za mu fara da su bayan jarabawa. Kuma na ba kowane ɗan aji aiki ya je gida ya binciko duk wani littafi ko jarida mai sunan Gaskiya ko NORLA ko NNPC a jiki, ya tambayi tsofaffin gidansu ko akwai wanda ya taɓa aiki a can, direba ne ko masinja ko mai ɗinkin littafi, mu ɗauki muryarsu a waya tun suna raye. Yau da safe har yarinyar nan da aka yi wa dariya ta zo min da guda biyu a leda, tace a ƙasan adakar kakarta ta samo.

Injiniya dan Allah ka turo min jerin abubuwan da ya kamata su shiga fayil ɗin ta akwatin saƙo, ina da ƙani a Samaru zan haɗa ku. Malam Abba kai kuma roƙo nake, haruffan nan na cikin gwangwani, ko za ka ara min ƙ guda ɗaya da ɗ guda ɗaya na sati biyu? Akwai direban da ke zuwa Kano duk Asabar daga tashar Kwangila, zan turo maka lambarsa, kuma in sha Allah zan dawo maka da su yadda ka ba ni.